FITILAR ISKAR TAYA: SHIN DOKA TA YARDA A KASHE TA?

Jawabin da aka gabatar a babban taron ƙungiya na shekara-shekara



 Batun da za mu tattauna a kansa ƙarami ne a ido, domin bai wuce wata 'yar fitila ruwan ɗorawa da ke kunnuwa a allon gaban direba ba. Siffarta kamar ƙaramar tukunya ce da aka tsaga, da alamar motsin rai a tsakiyarta. Da yawa daga cikin motocin da ke fake a wajen zauren nan suna da ita, kuma ba mamaki a cikin wasunsu an riga an liƙe ta da baƙin salatif, ko an sa mai wayarin ya cire mata ƙwai. Tambayar da ake yawan yi ita ce: shin doka ta yarda a kashe ta? Kafin mu amsa, ya kamata mu san abin da ya haife ta, da yadda take aiki, da dalilin da ya sa mutane ke gajiya da ita.

ABIN DA YA HAIFE TA

Wannan na'ura, wadda masu ƙera motoci ke taƙaita sunanta da haruffan TPMS, aikinta shi ne sa ido a kan iskar da ke cikin taya, ta gargaɗi direba idan ta ragu. Ta fara bayyana a motocin alfarma na Turai, irin su Porsche 959 a 1986, kuma a lokacin kayan ƙawa ce ta masu hannu da shuni. Abin da ya mayar da ita tilas wani bala'i ne da ya auku a Amurka.

A ƙarshen shekarun 1990 aka fara samun rahotannin cewa wasu tayoyin kamfanin Firestone, waɗanda ake ɗaura wa motar Ford Explorer, suna saɓule bayansu ana cikin gudu. Motar doguwa ce, saboda haka da zarar taya ta ɓare sai ta ƙwace wa direba ta wuntsila. A watan Agusta na shekarar 2000 kamfanin ya yi shelar janye tayoyi kimanin miliyan 6.5, sannan a 2001 kamfanin Ford ya ɗauki nauyin sauya wasu miliyan 13. Hukumar kula da lafiyar ababen hawa ta Amurka, wato NHTSA, ta danganta mutuwar mutane 271 da wannan matsala. Kamfanonin biyu, waɗanda suka yi kusan shekara ɗari suna hulɗa, suka raba gari kowa na ɗora wa ɗan'uwansa laifi. Cikin abubuwan da suka yi jayayya a kai har da yawan iskar da ta dace: Ford ya ce a sa 26 a geji, Firestone ya ce 30 ce ta fi dacewa.

Akwai wani abu a cikin wannan labari da ya shafe mu kai tsaye. Matsalar ta fi tsanani ne a wuraren zafi. An gan ta a Saudiyya da Benezuwela, inda aka fara sauya tayoyin tun kafin a yi shela a Amurka, kuma a cikin Amurkar ma jihohin kudu masu zafi irin su Teksas da Fulorida ne suka fi jin jiki. Wanda ya san yadda kwalta ke tafasa a hanyar Sakkwato ko ta Maiduguri a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya san cewa wannan gargaɗi namu ne. Hausawa na cewa idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Majalisar dokokin Amurka ba ta ɓata lokaci ba. A watan Nuwamba na shekarar 2000 Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a kan dokar da ake kira TREAD, wadda ta umarci hukuma ta wajabta na'urar gargaɗi. Daga ranar 1 ga Satumba 2007, duk sabuwar ƙaramar motar da nauyinta da kaya bai wuce kilo 4,536 ba, dole ta zo da ita. Tarayyar Turai ta bi sahu, ta wajabta ta ga dukkan sababbin ƙananan motoci daga Nuwamba 2014, sannan daga Yuli 2024 ta faɗaɗa hukuncin ya haɗa da sababbin manyan motoci da bas-bas da tireloli. Tun da yawancin motocin tokumbo da muke hawa daga waɗannan ƙasashe suka fito, ga fitilar nan ta biyo su har ƙofar gidajenmu.

ME YA SA ƘARANCIN ISKA KE KISA?

Mutane da yawa suna zaton iska mai yawa ce kaɗai ke fasa taya. Gaskiyar magana, taya mai ƙarancin iska ta fi zama abin tsoro a doguwar tafiya. Iska ce ke ɗauke da nauyin mota. Idan ta ragu, gefen taya yakan riƙa lanƙwashewa yana miƙewa a kowane juyi, ɗaruruwan lokuta a cikin minti guda. Duk wanda ya taɓa lanƙwasa waya yana miƙar da ita don ya tsinke ta, ya san yadda wurin ke ɗaukar zafi har ya ƙona yatsa. Haka abin yake a cikin taya. Zafin yakan taru har roba ta rabu da wayoyin ƙarfen da ke cikinta, daga nan sai fashewa. Idan aka haɗa da lodi, da gudu, da zafin kwalta, to, an gama haɗa wa hatsari kayan aiki.

Wani abin lura shi ne, tayoyin zamani ba sa nuna rashin iska da wuri. Taya za ta iya rasa kashi ɗaya cikin huɗu na iskarta, mai mota ya dube ta, ya harbe ta da ƙafa, ya ce lafiya lau. Kuma ko babu ƙusa, kowace taya tana rage kimanin awo 1 a kowane wata. Bayan haɗarin rai, akwai na aljihu: taya mai laushi tana cinye gefunanta da wuri, tana ƙara shan mai, tana kuma rage kamun birki.

YADDA TAKE AIKI

Na'urar iri biyu ce. Iri na farko yana da ɗan ma'auni da aka maƙala a gindin bawul, a cikin taya. Yana da ƙaramin batir, yana auna iska, yana aika saƙo ga kwamfutar mota ta iska kamar rediyo. Iri na biyu ba shi da komai a cikin taya. Yana dogara ne da na'urar birkin ABS da ke ƙirga juyin kowace ƙafa. Tayar da ta yi laushi takan ɗan ƙanƙance, sai ta fi 'yan'uwanta saurin juyawa, daga nan kwamfuta ta gane. Irin wannan yana buƙatar a sake saita shi duk lokacin da aka ƙara iska ko aka sauya taya.

Fitilar tana magana da harshe biyu, kuma rashin fahimtar wannan ne tushen yawancin rikici. Idan ta kunnu ta tsaya cak, tana cewa akwai tayar da iskarta ta ragu. Idan kuwa ta yi ta ƙyaftawa na kamar minti ɗaya ko ɗaya da rabi bayan an tayar da mota, sannan ta tsaya a kunne, tana cewa ita kanta na'urar ce ta samu matsala, ba ta iya ganin abin da ke cikin tayoyin.

A ƙa'idar Amurka, dole ta yi gargaɗi idan iska ta ragu da kashi 25 cikin 100 na abin da mai ƙera mota ya tsara. Wato idan an ce a sa 32, tana iya yin shiru har sai iska ta sauka zuwa 24. Saboda haka duk ranar da ta kunnu, a sani cewa abin ya riga ya yi nisa. Ita mai gadin ƙarshe ce, ba ta ɗauke wa mai mota aikin auna iska da geji ba.

ME YA SA AKE KASHE TA?

Adalci ne mu saurari masu kashe ta, domin ba duka ne masu ganganci ba. Dalili na farko shi ne tsufa. Batirin da ke cikin ma'aunin nan a rufe yake, ba a sauya shi, kuma yakan yi shekara 5 zuwa 10. Motar da aka ƙera a 2010 ko 2012, kafin ta iso hannunmu batiranta sun mutu ko suna gab da mutuwa. Na biyu, mai facin da ke ɓare taya da ƙarfe da guduma yakan karya ma'aunin bai sani ba, ya jefar, ya sa bawul na roba. Na uku, sabon ma'auni yana da tsada, kuma ba kowane ne ke shiga kowace mota ba. Yawancin motocin Amurka suna magana a kan zango na 315, na Turai kuma a kan 433, kuma bayan an ɗaura dole a gabatar da shi ga kwamfutar motar da na'ura ta musamman. Na huɗu shi ne hunturu. Iskar taya takan sauka da kimanin awo 1 duk lokacin da sanyi ya ƙaru da digiri 5 ko 6, saboda haka fitilar takan kunnu da asuba ta mutu da hantsi, sai mai mota ya ce ƙarya take yi. Ba ƙarya take yi ba. Tana nuna cewa iskar tana bakin iyaka. Akwai kuma motocin da safayarsu ma tana da ma'auni, a yi ta cika tayoyi huɗu fitila ta ƙi mutuwa, alhali matsalar tana cikin but.

Waɗannan duk damuwa ce ta gaskiya. To amma liƙe fitila ba ya ƙara wa taya iska, kamar yadda toshe kunne ba ya hana hadari zubar da ruwa.

ABIN DA DOKA TA CE

Yanzu mu zo ga tambayarmu. Amsar ta danganta da ƙasa, ta kuma danganta da wanda ya sa hannu ya kashe.

A Amurka, dokar tarayya ta haramta wa masu ƙera motoci, da dillalai, da masu sayarwa, da kamfanonin ba da hayar mota, da masu garejin gyara, su lalata ko su kashe duk wata na'urar kariya da doka ta wajabta, matuƙar suna sane. Wanda ya saɓa yana fuskantar tarar dubban daloli. Amma wannan sashe bai ambaci mai mota da ya taɓa motarsa da hannunsa ba. Wannan giɓi ne ya sa ake jin wasu suna cewa ai a Amurka ma an halatta. Maganar tana da rabin gaskiya. Dokar tarayya ba ta kama mai motar ba, amma ta kama duk wani mai sana'a da zai taimaka masa, kuma kowace jiha tana da nata hukuncin game da binciken lafiyar mota.

A 2011 ƙungiyar masu sana'ar taya ta Amurka ta nemi hukumar NHTSA ta yi mata fashin baƙi, kuma amsar da ta samu tana da hikimar da za mu amfana da ita. Hukumar ta ce idan mota ta shigo gareji na'urarta tana aiki, mai gareji ba shi da ikon ɗaura mata sababbin ƙafafu marasa ma'auni, ko da mai motar ne ya roƙe shi. Idan kuwa ta shigo ma'aunin ya riga ya mutu, mai motar kuma ya ce ba zai sayi sabo ba, babu laifi a sa masa bawul na roba ya tafi, da sharaɗin kada a kashe fitilar da ke nuna akwai matsala. Wato doka ta yi wa mai ƙaramin ƙarfi uzuri a kan gyara, amma ba ta yarda a ɓoye aibin ba.

A Birtaniya an bi ta wata hanya. Can akwai binciken lafiyar mota na shekara-shekara da ake kira MOT, kuma tun daga 2015, motar da aka fara hawa daga Janairu 2012 zuwa sama tana iya faɗuwa wannan bincike idan a fili take cewa na'urarta ba ta aiki. Motar da ta faɗi kuwa ba ta samun takardar hawa titi sai an gyara. Ƙasashen Tarayyar Turai ma sun sa ta cikin abubuwan da ake dubawa. 'Yan'uwanmu da 'ya'yanmu da ke zaune a waɗancan ƙasashe, sai su kiyaye.

A nan gida Nijeriya, abin da jami'in Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, zai tsayar da kai ya duba shi ne tayar kanta. Tuƙi da tayar da ta suɗe laifi ne da ke cikin jerin laifuffukan da hukumar ke cin tara a kansu. Hukumar ta kuma daɗe tana faɗakarwa cewa kada a yi amfani da tayar da ta wuce shekara 4 daga ranar da aka ƙera ta. Tsofaffin tayoyi kuwa, waɗanda muke kira 'yan Baljiyam, suna cikin jerin kayan da aka hana shigowa da su ƙasar nan, duk da cewa kasuwanni cike suke da su. Sanin shekarun taya ba shi da wuya. A jikinta akwai rubutun da ya fara da DOT, ya ƙare da lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2319, an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2019.

TAMBAYAR DA TA FI WANNAN

Jama'a, wanda ya tsaya a kan ko za a kama shi, ya tambayi ƙaramar tambaya ya bar babba. Babbar ita ce: su wa ke cikin motar? Mu mutanen birni mun san irin tafiyar da muke yi idan salla ta matso ko biki ya taso a gida. Daga Legas ko Fatakwal yini guda ne cur ko fiye, daga Abuja sa'o'i ne masu yawa. But cike da shinkafa da mai da tsaraba, uwargida a gaba, yara huɗu a baya, wani lokaci har da ɗan maƙwabci da aka ba mu amana. Ana gudu don a isa kafin duhu. A irin wannan tafiya ce ƙusa ke shiga taya a Zariya, iska ta riƙa zurarewa a hankali, direba bai ji komai a sitiyari ba sai bayan kilomita 100, lokacin da ba sauran gyara. Fitilar nan an yi ta ne domin wannan sa'a. Wanda ya liƙe ta ya sallami mai gadi a daren da ɓarawo zai zo, kuma ba da yawun waɗanda ke zaune a bayansa ba.

Na'urar ba tatsuniya ba ce. Binciken da hukumar NHTSA ta fitar a 2012 ya nuna cewa motocin da ke da ita, yiwuwar a same su da taya mai tsananin ƙarancin iska ya ragu da fiye da rabi.

Akwai kuma batun ciniki. Wanda ya cire wa fitila ƙwai sannan ya sayar da motar bai faɗa ba, ya sayar da allo mai tsabta a kan aibi ɓoyayye. Mai saye zai hau hanya yana zaton yana da mai gadi. Wannan algus ne, ko da babu kotun da za ta tuhumi kowa. Ga mai sayen mota kuwa, akwai gwaji mai sauƙi: a murɗa makulli ba tare da an tayar da inji ba. Fitilun gargaɗi za su kunnu. Idan motar tana da wannan na'ura amma fitilarta ba ta leƙo ba ko kaɗan, to, an taɓa ta.

SHAWARWARI

Na farko, kowane mai mota ya mallaki gejinsa. Kuɗinsa bai kai na taya ɗaya ba, balle na asibiti. A auna iska aƙalla sau ɗaya a wata, da kuma kafin kowace doguwar tafiya, da safe kafin mota ta motsa, ko bayan ta huta sa'a 3. Kada a manta da safaya.

Na biyu, a san adadin da ya dace. Yana rubuce a wata 'yar takarda da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofar direba, kuma a wasu motocin akwai adadi na daban domin lokacin da aka yi lodi. Lambar da ke jikin taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba ita ake bi ba. Kada a bar mai faci ya ɗura 50 don a ji taya ta yi tauri, domin ƙa'idar da ta wajabta fitilar ƙarancin iska ta shafa, ba yawanta ba. Kuma kada a rage wa taya iska tana da zafi a tsakiyar tafiya.

Na uku, idan fitila ta kunnu ana cikin tafiya, a rage gudu, a nemi wuri mai aminci a tsaya, a auna dukkan tayoyin.

Na huɗu, kafin mai faci ya sa ƙarfe, a gaya masa akwai ma'auni a gindin bawul. Inda akwai garejin da ke cire taya da inji, gara a je can.

Na biyar, idan ma'auni ya mutu, a sauya shi, kuma lokacin sauya tayoyi ne ya fi sauƙi tunda an riga an ɓare su. Wanda ba shi da hali yanzu, ya bar fitilar a kunne, ya riƙa aunawa da geji kowane mako. Fitilar da ke damun ido tana tuna maka cewa aikin gadi ya dawo hannunka.

Na shida, ga matasanmu masu koyon kanikanci da wayarin: motocin yau kwamfuta ce a kan ƙafa huɗu. Wanda ya koyi karanta na'urar binciken mota da saita waɗannan ma'aunai ya samu sana'ar da ake nema ido rufe. Idan an kawo muku mota a ce ku kashe fitila, ku nuna wa mai ita hanyar gyara.

KAMMALAWA

A taƙaice, dokar Amurka ta ɗaure hannun mai gareji, ta Birtaniya tana hana motar takardar hawa titi, tamu kuma tana duban lafiyar tayar kanta. Hanyoyin sun bambanta, amma babu ko ɗaya daga cikinsu da ta ɗauki iskar taya abin wasa. Mutane 271 ne suka rasa rayukansu kafin a wajabta wannan 'yar fitila. Mu da muka same ta a cikin motocinmu ba tare da mun nema ba, abin da ya rage mana shi ne mu saurare ta, domin in kunne ya ji, jiki ya tsira.